Kafin mutum ya sauka rami, a fara saukar da iska

Duk wanda ya san ƙauyukan gabashin Birnin Gwari, daga Damari zuwa Kuyello da Dogon Dawa, ya san ba a dasa rumbu a kan ƙasa kai tsaye. Sai an jera duwatsu, an gitta itace a kansu, sannan a tayar da gini. Tsakanin gindin rumbu da ƙasa akan bar rata kamar kamu guda, inda kaji ke laɓewa idan rana ta take. Wannan rata tana cikin abubuwan da ke raba manomi da asara. Damina a yankin takan kai wata shida, ruwan shekara ya haura milimita 1,000, kuma ƙasar da ta sha ruwa haka ba ta daina fitar da laima dare da rana. Iskar da ke ratsawa ta ƙarƙashi ita ke kwashe laimar kafin ta kai ga hatsi. Masara tana son danshinta ya tsaya wajen kashi 13 cikin 100 idan ana so ta daɗe a ajiye. In ya haura haka, fumfuna ta kama ta. Ga kuma gara, wadda dole ta gina hanyarta a fili a jikin dutse, inda mai gida zai gani ya kankare.

A ƙasashen da ake shimfiɗa daɓen ɗaki da katako, irin su Ingila da Amurka da Ostareliya, gidan kansa haka ake yi masa. Akan bar sarari tsakanin ƙasa da katakon, a sa bulo mai ƙofofi a gindin bango don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ƙa'idar gini ta Ingila ta ce kada sararin ya gaza santimita 15, saboda katako yakan fara ruɓewa idan danshin cikinsa ya zarce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka. To, akwai gidan da iskar Allah ba ta isa ƙarƙashinsa: ko an gina shi a kwari, ko maƙwabta sun tokare shi, ko an ƙara ɗaki an toshe ƙofofin. A nan ake kawo fanka. 'Yar ƙarama ce, wutar da take ci ba ta cika kai wat 100 ba. Ana haɗa ta da bututu, ta riƙa zuƙo iskar ƙarƙashin daɓe tana fitarwa waje, sabuwa kuma na shigowa ta ƙofofin ɗaya gefen. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kafa fankar dab da ƙofar shigar iska. Sai iska ta shigo ta juya ta fice nan take, lungunan ciki suna nan da laimarsu, mai gida yana jin ƙarar fanka yana zaton aiki na tafiya. A riƙe wannan, za mu sake haɗuwa da shi a bakin rami.

Akwai wani dalilin sa fanka da ya fi laima nauyi. A Disamban 1984, wani injiniya a tashar nukiliya ta Limerick da ke jihar Pensilbaniya ta Amurka ya riƙa tayar da ƙararrawar na'urar bincike tun yana shigowa aiki, kafin ya taɓa komai. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga gidansa yake kwaso abin. Iskar radon ce, wadda ke fitowa daga sinadarin yuraniyom da ke cikin duwatsu da ƙasa, ta bi tsagar daɓe ta taru a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke jawo kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na sankarar huhu, gwargwadon ƙasa, kuma bayan taba sigari ita ce ta biyu. Maganinta a can shi ne a binne bututu a ƙarƙashin daɓe, fanka ta zuƙe iskar ta zubar ta saman rufi.

A Damari ba a yin daɓen katako. Ɗaki na ƙasa ne ko na siminti, an ɗora shi a kan cikon ƙasa, babu sarari a ƙarƙashi. Maganin laima a irin wannan gini shi ne a ɗaga tushe, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare, a kuma yi wa ruwan indararo hanya ya yi nesa da bango. Don haka ba zan ce wa mutumin Damari ya sayi fanka ya binne a ƙarƙashin ɗakinsa ba. Inda wannan ilimi ya shafi rai da mutuwa a wurinmu shi ne rijiya, da ramin gwal, da ramin masai.

Dama can a rami aka fara koyon tura iska da inji. A 1556 aka buga littafin Georgius Agricola a kan haƙar ma'adinai, likitan da ya yi aiki a garin masu haƙar azurfa na Joachimsthal. A ciki ya zana manyan zugazugai, irin na maƙeranmu amma sun fi su girma, da fankokin katako da mutum ko doki ko ruwa ke juyawa, duk don a hura wa masu haƙa iska. Ya kuma yi bayanin ciwon ƙirjin da ke kashe su da ƙuruciya. Sai bayan ɗaruruwan shekaru aka gane cewa radon na cikin manyan masu laifi a ramukan wannan yanki.

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar gwal ce. An fara haƙarsa a Najeriya a zamanin Turawa wajen 1913, ya yi ƙarfi a shekarun 1930, kuma Tsohon Birnin Gwari na cikin wuraren da aka sani da shi. Yau samari ne da diga da guduma da tocila a goshi, suna bin jijiyar farin dutse ƙasa, in ta karkata su karkata da ita. A daminar 2022 hare-haren 'yan bindiga suka watsa mutanen Damari, gari ya zama kufai na wani lokaci. A Nuwamban 2024 Gwamnan Kaduna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe, hanyoyi suka fara buɗewa. Duk garin da aka koma bayan gudun hijira, aikin farko shi ne ruwan sha, wato a yashe rijiyoyin da aka bari. Na biyu shi ne neman abin kai wa baki, wanda ga samari da yawa yana nufin komawa tsohon rami. Ramin da ya daɗe ba a shiga ba kuwa, shi ya fi kowanne haɗari.

Ga dalili. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. A rufaffen rami akwai abubuwan da ke cinye shi sannu a hankali: ganye da itacen tokara da ke ruɓewa, mushen da ya faɗa ciki, ƙarfen da ke tsatsa, da duwatsun nan masu ƙyalli ruwan gwal da ke tafiya tare da jijiyar, waɗanda ke shan oksijin idan sun jiƙe. Manomin da ya taɓa zuba wake a buhun PICS ya ga wannan da idonsa: ba a sa magani, ƙwarin ne ke shanye iskar da ke ciki har ta ƙare musu su mutu. Abin da ke maye gurbin oksijin a rami galibi kabon dayoksaid ne, wanda ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, shi ya sa yake kwanciya a ƙasa. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru ya amayar da wannan iska, ta gangara kwaruruka ta kashe mutum 1,746 da dubban dabbobi, da yawansu suna barci.

Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar oksijin a kashi 19.5, ƙasa da haka ba a shiga. A wajen kashi 16 numfashi yakan yi sauri, tunani ya fara rikicewa. Ƙasa da kashi 10 mutum yakan suma, a kashi 6 kuma 'yan mintoci ne. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne jiki ba ya yawan yin gargaɗi idan oksijin ne ya yi ƙaranci. Mutum bai ji an shaƙe shi ba, bai yi ihu ba. Na sama dai za su ga igiya ta yi sako-sako.

Lokacin shekara ma yana da hannu. Da hunturu, iskar dare ta fi ta cikin rami sanyi da nauyi, sai ta gangara ta koro ta ciki, rami ya sami sabuwa ba tare da kowa ya yi komai ba. Da bazara abin ya juye. Waje na ƙuna, cikin rami ya fi sanyi, iskar ciki ta fi nauyi, sai ta zauna daram. Kuma daga Maris zuwa Mayu ne ruwa ke ja baya, a kira mai yasar rijiya ko a ce a ƙara mata zurfi. Haka nan idan hadari ya haɗo, nauyin iskar sama yakan ragu, sai gurɓatacciyar iskar da ke maƙale a tsagogin dutse ta fito ta cika rami. Ramin da aka yini a ciki lafiya jiya zai iya kashe mutum yau.

Idan irin wannan ta faru, sau da yawa akan ce mutanen ɓoye ne suka riƙe shi. Ban zo gardama da imanin kowa ba, kuma babu mai hana addu'a a bakin rami. Roƙona shi ne kada wannan magana ta rufe bincike, domin abin da ake iya aunawa ana iya gyara shi, kuma idan aka bar rijiyar yadda take, mutum na gaba ma haka za ta yi masa.

Tsofaffin masu haƙar rijiya suna da nasu gwaji. Sukan ɗaura fitila a igiya su zura. In ta mutu kafin ta kai ƙasa, ba mai sauka; sai a ɗaure reshe mai ganye a yi ta ja ana saki har iska ta motsa. Gwajin yana da tushe, domin harshen wuta yakan mutu idan oksijin ya sauka wajen kashi 16 ko 17, wato kafin mutum ya faɗi. Amma abu ɗaya kawai fitila ke iya faɗa. A ramin masai da sokawe ma haɗari ce ita kanta, saboda iskar mitan da ke taruwa a can tana kama wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A can kuma ake samun iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali lokacin ta fi ƙarfi.

Babban abin da fitila ba ta gani shi ne hayaƙin inji, kuma a ganina shi ne ya fi kashe mutane a ramukan yau. Yadda abin ke faruwa a bayyane yake. Ruwa ya cika rami, aka kawo injin ban ruwa mai fetur. Irin wannan inji ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, komai ƙarfinsa, domin nauyin iskar sama ne ke turo ruwan cikin tiyo, kuma iyakarsa ke nan. Da rami ya wuce haka sai a ce a sauke injin ciki. Hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, wanda ba ya wari, ba ya hana fitila ci, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da ɗoriya. Alamunsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙafafu su mutu. Yaro zai ce yunwa ce ko zazzaɓi, ya zauna ya huta a nan inda gubar take. Kashe injin ba ya kore ta. Tana nan har sai an hura ta waje. Haka hayaƙin nakiya da na wutar da ake hurawa don fasa dutse, wanda kan bar mutum ya fito da ƙafarsa, cikin dare huhunsa ya cika da ruwa.

Wannan guba ce ta sa John Scott Haldane, masanin numfashi ɗan Sikotilan, ya ba da shawara a shekarun 1890 a riƙa shiga ramin kwal da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, don su suke fara faɗuwa. Birtaniya ba ta daina amfani da kanari ba sai 1986, da na'urorin awo suka karɓi aikin. Yau akwai 'yar na'urar da ake ratayawa a ƙirji, tana auna oksijin da iskoki uku masu haɗari lokaci guda, ta yi ƙara idan abu ya ɓaci. Mutum ɗaya zai ji tsadarta, ƙungiya ba za ta ji ba. Maganin matsalar ruwa kuwa shi ne famfon sumo mai aiki da lantarki a ƙasan rami, janareta ya zauna a sama, nesa da baki, ta gefen da iska ke kwashe hayaƙinsa.

Mu zo kan fankar. Ramin da faɗinsa mita 1 ne, zurfinsa mita 20, iskar da ke cikinsa ba ta wuce kubik mita 16 ba. Fankar bulowa da ke tura kubik mita 10 a minti za ta aika da kwatankwacin haka cikin minti biyu. Sai dai sabuwar iska tana gauraya da tsohuwa, ba ta kore ta gaba ɗaya a tashi guda, shi ya sa ake barin ta ta yi ta hurawa har a musanya iskar sau da yawa, a kuma gwada, kafin kowa ya kama igiya. Aikin bai fi ƙarfin ƙaramin janareta ko faranti da batirin sola ba.

Amma fanka ba bututu aikin banza ce. Wanda ya kafa fankar ɗaki a bakin rami ta leƙa ciki, ya maimaita kuskuren mai gidan can: iskar sama kawai yake juyawa, ta ƙasa ba ta san ana yi ba. Dole bututu ya kai har inda mai haƙa yake tsugune, in rami ya karkata ya bi shi, a riƙa ƙara masa tsawo kullum da aka ci gaba. Turawa ciki ta fi zuƙowa sauƙi a wurinmu, saboda idan turawa ake yi, doguwar leda mai kauri ta wadatar, iskar ce ke kumbura ta. Idan zuƙowa ne sai da bututu mai tauri, in ba haka ba ya manne. A duba mahaɗai, don duk hudar da ke hanya iskar na ƙasa take sata. A lura da inda bakin bulowar yake shaƙa, kada ya zama hayaƙin janareta ake aika wa ɗan'uwa. Kada a dogara da iskar kwamfuresa, ba ta da yawa, kuma takan zo da tururin mai. Tukunyar oksijin ta mai walda kuwa kada a kusantar da ita. A iskar da oksijin ya yi wa yawa, ƙyastu ɗaya ya isa tufafin mutum su kama.

Inda babu wuta ma ba a rasa hanya ba. Maƙera da yawa sun bar zugazugin fata sun koma fankar hannu da ake juyawa da kan keke. A ƙara mata girma, a yi mata baki daidai bututu, ta isa rijiyar gida. Masu ƙira na kasuwar Panteka a Kaduna suna yin abin da ya fi wannan wuya kullum. Sharaɗin dai a sami mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai fanka da igiya, yana kiran na ƙasa yana jin amsarsa. Fanka ta tsaya, kowa ya fito, ko da an ga gwal yana ƙyalli.

Ramin da ya yi nisa a kwance yana bukatar baki na biyu. A Janairun 1862, a mahaƙar kwal ta Hartley a Ingila, wani ƙaton ƙarfen injin ruwa ya karye ya toshe ƙofar ramin, wadda ita kaɗai ce. Mutum 204 suka mutu, yawancinsu da gurɓatacciyar iska, ba da rauni ba. A shekarar aka yi dokar da ta wajabta wa mahaƙa ƙofa biyu. Baki na biyu yana jawo iska ta ratsa da kanta, kuma hanyar tsira ce ranar da ɗaya ya rufta.

Saura magana mafi ciwo. A 1986 cibiyar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta yi gargaɗi cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a rufaffun wurare masu kai ɗauki ne. Wanda ke bin rahotannin hukumar kashe gobara ta Kano ya san salon labarin: ɗaya ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su. Ba wanda zai zargi uban da ya ji ɗansa ya yi shiru a ƙasa ya kama igiya. Shi ya sa dole a gama shirin ceto tun kafin a sauka. Mai shiga ya ɗaura igiya ta biyu a ƙirji ta ƙarƙashin hammata, a ratayo ta a gwafa a bakin rami, yadda mutum biyu za su jawo shi ba tare da sun shiga ba. Idan babu makawa sai an sauka, a fara hura iska, mai sauka ma a ɗaure shi. Riƙe numfashi ko ɗaura jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ba ya hana komai. Wanda aka fito da shi a kwantar da shi a sarari, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji, kuma ko ya farfaɗo ya ce ya warke a kai shi asibiti a sa masa oksijin. Daga Damari zuwa babban asibiti tafiya ce mai nisa, wanda hakan ke ƙara nuna cewa a bakin ramin ake cin nasara ko a rasa.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa gwamnatin tarayya ba wa ƙungiyoyin ƙananan masu haƙa da suka yi rajista horo da shawarwarin aiki, kuma ma'aikatar ma'adinai tana da sashen duba mahaƙai. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana koyar da injiniyoyin ma'adinai, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da cibiyar binciken makamashi a Zariya da ke da masana awon radon. Ina fata su iso gabashin Birnin Gwari da na'urorinsu, su yi bayani da Hausa, a masallaci da kasuwa. Kafin su iso, akwai wanda maganar ke hannunsa yau, wato mai ramin da ke sayen abinci da fetur da buhuna, a cire masa kuɗinsa kafin a raba abin da aka samu. A sa bulowa da ledar bututu da igiya ta biyu a cikin wannan lissafi, dagaci da shugabannin masu haƙa su tsaya a kan cewa ramin da ba shi da su ba a shiga.